Bargon da Aka Bari a Kan Benci

Shumaisi, Riyad.

Zuwa ga yayan su Hafsa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ɗaga jirginku lafiya, ya sauke shi lafiya, ya tsare gabanka da bayanka a duk garin da aikin nan zai kai ka.

Ka yi haƙuri da na rubuto maka. Na san za ka buɗe jaka ka ga ambulan da rubutun hannuna, gabanka ya faɗi, ka zaci wani abu ya faru. Babu abin da ya faru. Kai ne ɗan fari, kuma ka san yadda muka taso muka tarar: uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama da shi ta yi doguwar hira. Shi ya sa tun da aka haife ka maganata da kai ba ta wuce "an ci abinci?" da "a dawo lafiya." Yanzu ma da nake rubutu ina jin nauyi kamar kana tsaye a kaina. Rabona da wasiƙa tun muna sakandaren 'yan mata, inda malamarmu ta Hausa take cewa a sa adireshi a sama, a fara da gaisuwa, kar a cika surutu. Na kiyaye na farko da na biyu. Na ukun ban yi maka alkawari ba.

Saƙonka ya iso ta bakin Hafsa. A kicin ta same ni ina tsince shinkafa.

"Umma, Yaya ya ce in tambaye ki. Wai tsohon bargon nan na ƙasan akwatinki, ko za ki ba gidan tarihinsu. Kuma wai in kin yarda a ɗauki muryarki kina ba da labarinsa."

Na ce, "Shi ba shi da baki ne?"

Ta ce, "Yana da shi. Ke ce in ya shigo ta ƙofar falo kike fita ta ta kicin."

Na ɗaga ludayi, ta ruga tana dariya. Amma gaskiya ta faɗa. Ban ba ta amsa ba, kuma ga shi gobe Abbanku zai kai ka filin jirgin Sarki Khalid. Na ji kuma an ce ɗakin da za a nuna kayan ambaliya ana so a kammala shi kafin ku dawo, to bai kamata in bar ka ka tafi babu amsa ba. Amsar tana ƙarshen takardar nan. Kar ka tsallaka ka je can, ka bi ni a hankali, don sai ka san abin da ya sa na yi jinkiri.

Da farko ban ma gane aikin naka ba. Da Abbanku ya ce an ɗauke ka a gidan tarihi, na zaci inda ake ajiye takubba da tsofaffin tukwane ne. Da ya ce gidan tarihin agaji ne, sai na ƙara rikicewa. Me ake ajiyewa na agaji? Abinci an cinye, magani an shanye, ruwa ya janye. Me ya rage da za a sa a gilashi? Wannan tambayar ce ta sa na bi ku ranar da aka gayyaci iyalan ma'aikata, ko da yake a baya na tsaya, kamar ba tare muka zo ba.

Na ga abin mamaki. Na ga jarka da igiya a wuyanta, na ga sikelin awon jarirai, na ga ƙatuwar tukunya da gindinta ya ƙone, na ga takalmin wani direba da ya cinye ta gefe guda. Kowanne an sa shi a akwatin gilashi an haska masa fitila kamar zinare. Na daɗe a gaban tukunyar nan ina tunanin wace ce ta riƙa kankare ta.

Mutanen gidan ma sun ba ni sha'awa, don ban san aiki ɗaya yana cin hannaye haka ba. Akwai mudira, shugabar gidan, wadda ta yi mana jawabi. Akwai masu tsara ɗakuna, su ne suke cewa wannan ya zauna nan, wancan ya koma can. Akwai mai fitilu, wani ɗan Filifin da na gani a kan tsani yana ta juya ƙwan fitila ɗaya har na gaji da kallonsa. Akwai masu zagayawa da baƙi, da malamar da za ta riƙa karɓar yaran makaranta, da masu tafinta, da masu gadi, da masu goge gilashi. Sai ku, masu fita ƙasa ƙasa ku zauna da mutanen da masifa ta taɓa, ku ɗauko muryarsu da abin da suka yarda su bayar. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce 'yar Sudan ɗin nan mai safar hannu, wadda take kula da tsofaffin kaya. Na same ta a kan wani tanti da ya yage, da allura a hannunta, amma ba ta ɗinke yagewar. Na kasa haƙuri na ce, "Ya ukhti, me ya sa ba za ki haɗe shi ba?" Ta ce aikinta ta hana yagewar ƙaruwa ne kawai, in ta ɗinke ta shafe abin da ya faru. Ta kuma ce duk abin da aka kawo mata sai ta warware shi gaba ɗaya a kan tebur, ta duba kowane lungu nasa. Ka riƙe wannan maganar, zan dawo kanta.

Larabcina na kasuwa ne da asibiti, amma na tsinci abin da mudira ta ce. Ta ce ba don a yabi masu bayarwa aka gina gidan ba, don a tuna ne, kuma don yaron da ya shiga ya fito yana tambayar kansa me shi zai iya yi. Maganar ta yi mini daɗi. Amma a mota na ce wa Abbanku, a Islamiyya an koya mana sadakar ɓoye ta fi, to yaya za a gina gida guda don nuna ta? Ya ce akwai ta ɓoye, akwai wadda ake bayyanawa don wasu su yi koyi, kowacce da wurinta. Na ce, "To mai karɓa fa, shi wa ya tambaye shi?" Ya ce, "Ga ɗanki nan a baya, shi aka ɗauka aiki, ki tambaye shi." Ya san ba zan iya ba, shi ya sa ya yi ta dariya har muka shigo Shumaisi.

To, ni na tsaya a ɓangaren masu karɓa, na kuma tsaya a na masu bayarwa, kuma a kowanne na yi kuskure. Su zan ba ka guzuri, don ba ni da wani ilimin aikinku da ya wuce su.

Na farko shi ne na bargon. Lokacin Abbanku yana nan yana karatu a jami'a, ni ina gida wurin kakarka Iya, kai kuma ko zama ba ka fara ba. Kogi ya cika ya shigo gari, ya rushe mana ɗakuna, aka kwashe mu zuwa makarantar firamare. A aji guda muke da Iya da ƙannen Abbanku da matan maƙwabta. Abin da na fito da shi zanen jikina ne da zanen goyo, shi ma ya jiƙe. Washegari masu agaji suka zo suna bi aji aji. Wata mata doguwa, mai tabo a haɓa, ta tsuguna a gabana ta ce, "Wannan yaronki ne? Yana da abin rufa?"

Iya ta fita karɓo abinci. Amma ƙannen mijina suna zaune, duk sun zuba mini ido. Yaya zan buɗe baki a gaban dangin miji in ce ɗana ne, yana jin sanyi? Sai na sunkuyar da kai na ce, "Na Iya ne. Akwai, alhamdu lillahi." Matar ta dube ni, ta dube ka, ta tashi ta wuce. Haka ka kwana a jiƙaƙƙen zane, ka wayi gari da tari.

Da la'asar ɗin rana ta gaba sai ga ta ta dawo ita kaɗai, da bargo a kafaɗa kamar nata ne. Ta zauna a benci kusa da ni ta ce ƙafarta ta gaji. Ta yi mini hirar ruwan bana, ta tambaye ni ko a garinmu ma ana sa kuka a miyar kuɓewa, ta yi dariyar wata akuya da ta hau teburin malami. Ko sau ɗaya ba ta kalle ka ba. Da ta tashi ta bar bargon a kan bencin. Na ce, "Baiwar Allah, kin manta bargonki." Ba ta waiwayo ba, hannu kawai ta ɗaga ta wuce. Har yau ban san sunanta ba.

Kuskurena shi ne na bar kunya ta rufe mini baki a inda lafiyarka take. Amma abin da nake so ka ɗauka shi ne, za ka haɗu da irina da yawa. Mutanenmu in ka tambaye su a gaban jama'a, komai akwai, kowa lafiya. Kar ka rubuta amsar farko ka tashi. Ka duba wa yake zaune a wurin, ka duba wa mai maganar take kallo kafin ta amsa. Ka tafi ka dawo. Ka yi hirar da ba ta da amfani, ita ce take buɗe wadda take da amfani. Kuma ina son in sani, a cikin duk masu agajin da gidanku zai nuna, akwai wurin irin matar nan? Ba ta da hoto, ba ta bar suna ba, abin da ta iya shi ne ta ba mutum abu ba tare da ta sa shi ya miƙa hannu ba. Yaya ake sa wannan a gilashi? Da gaske nake tambaya, ban sani ba.

Na biyu a nan Riyad na yi shi, bayan Abbanku ya samu aiki an yi mana iƙama, wato takardar izinin zama, mun taho. Wata shekara ruwa ya sake yin ɓarna a gida. Mu matan unguwa da muke haɗuwa ranar Juma'a muka ce sai mun yi wani abu. Da yake ni ce na yi boko, ni aka ba tsarin. Ban kira kowa a gida na tambaya ba, ai a ganina ni na san ambaliya. Muka bi gida gida, kowa ta fito da abin da ya cika mata durowa: rigunan sanyi masu gashi na hunturun Riyad, baƙaƙen abaya, takalma masu tsini, da dabino. Muka cika kwalaye muka aika ta jirgin kaya, muna jin mun yi abin kirki.

Da suka isa yayata Asabe ta kira ni. Ta ce, "Hajiyar Saudiyya, mun ga kaya, Allah ya saka. Amma wa ya ce muku ƙanƙara ce ta zubo mana? Mu da muke kwana a waje saboda zafi!"

Na ce, "Yaya, ba wanda ya sa ko ɗaya?"

Ta ce, "An mora mana. Akuyar Malam a kan mai jan gashin nan ta haihu."

Na yi dariya, amma da na ajiye waya sai da na yi hawaye. Abin da suke nema tukunya ce, da tabarma, da gidan sauro, da wasu abubuwa na mata da ba zan rubuta maka ba. Ni da na kwana a ajin nan na san haka, amma da na koma mai bayarwa sai na manta. Na ba da abin da ya fi mini sauƙin rabuwa da shi, na kira shi taimako.

Saboda haka ka riƙa tambaya kafin ka yanke wa mutum abin da yake bukata, ko da kana ganin ka sani. Sannan ka duba tawagarku. Hafsa ta ce ku maza ne da mai kyamara da direba. In haka ne, ka yi wa mudira magana cikin ladabi a nemo mace a kowane gari, wadda za ta shiga cikin gida ta zauna a tabarma. Akwai rabin labarin da ba za a taɓa faɗa wa namiji ba, ko ya shekara yana sallama a zaure. Kuma ga wata tambayar: gidanku yana da ɗakin kurakurai? Na zagaya ban gani ba, ko ban lura ba ne. Da ni ce mai tsara ɗakuna, da na rataye rigar sanyi guda mai gashi a tsakiyar ɗakin ambaliya. Ina ganin yaran makaranta za su fi koyon wani abu a gabanta.

Na uku ya fi yi mini ciwo, kuma shi ya fi kusa da aikinka. Ka tuna Maman Sadiya, wadda mijinta ya faɗo daga kan gini ya daɗe a asibiti? Muka haɗa mata kayan abinci, ni na kai. Da yake mata da yawa sun sa hannu, na so kowa ta ga amana ta isa. Ina riƙe da buhun shinkafa a bakin ƙofarta na ce, "In ɗauke ki hoto in nuna wa 'yan uwa?" Ta ce, "To." Na ɗauka na tura a zauren matanmu na waya. Daga ranar ba ta sake zuwa taron Juma'a ba. In na kira sai 'yarta ta ce tana salla.

An daɗe, sai na yi kiciɓis da ita a kasuwar Utaiƙa wurin masu dabino. Na ce, "Maman Sadiya, kwana biyu."

Ta ce, "A'a, Hajiya sakatariya! Tsaya in gyara mayafi. Ko yau ba a fito da wayar ba?"

Na ce, "Haba, ai sai da na tambaye ki, kika ce to."

Ta ce, "Da buhu a hannunki kika tambaye ni. Wa yake ce wa mai buhu a'a? Hoton nan sai da ya je har garinmu. Tsohuwata ta kira ni tana kuka, wai ashe roƙo nake yi a Saudiyya ban faɗa mata ba."

Na ba ta haƙuri, ta ci gaba da zaɓar dabino. Da mai shago ya ƙulla mata, sai ta sa ya ƙulla wani, ta miƙo mini. Na buɗe baki zan ce a'a, ki bar wa yara, sai na ga yadda take kallona. Na sa hannu biyu na karɓa na yi godiya. Ta ce, "Yawwa. Saura a ɗauke ki hoto ke ma." Muka yi dariya har Balaraben mai shagon ya ce, "Halas, kun shirya?" Juma'ar da ta biyo ta zo taro.

Kai ma da buhu za ka je, ko da hannunka babu komai. Motarku, da kyamararku, da jin cewa daga Saudiyya kuke, duk buhu ne. Za su ce "to" ga duk abin da ka roƙa. Ka gaya musu tun farko cewa ba rabon kaya kuka zo ba, kuma wanda ya ƙi magana ba abin da zai rasa. Ka gaya musu inda hoton zai tsaya, da irin mutanen da za su kalle shi, har da cewa wata rana ɗan garinsu zai iya shigowa ya gan shi. Ka bar musu ƙofar da za su fasa ba tare da sun ji kunyarka ba. In kuma tsohuwa ta ba ka gyaɗa, ko ƙwai, ko ruwan da bai yi maka ba, ka karɓa da hannu biyu. Ban ce ka sha abin da zai kwantar da kai ba, amma ko leɓe ka taɓa. Mutumin da aka daɗe ana ba shi yana ƙishin ya ga an karɓi nasa.

Na huɗu kai na yi wa. Hausar Hafsa da ta ƙaninka Usman ta fi taka, kowa ya sani, har suna tsokanarka in ka ce "yalla mu tafi" ko ka kira tsoho da "kai." Abbanku yana cewa makaranta ce da yaran layi. Ba su ba ne, ni ce. Su na goya su ina yi musu surutu, na yi musu tatsuniya, na zage su, na lallashe su, duk da Hausa. Kai kuwa na yi maka shiru, kamar yadda na ga an yi wa yayanmu. Amma shi yayanmu a gida ya taso, yana da kaka da gwaggo da inna da suka cika masa kunne. Ni na ɗauko al'adar na kawo ta wani bene a Shumaisi inda ba kowa sai ni, ban lura cewa na baro sauran mutanen da suke cike gurbin ba. Iya ta rasu, Abbanku yana wurin aiki, sai ka tashi da Hausar aike da ta gaisuwa. Yanzu an ɗauke ka aiki don kana jin Hausa, za ka je ka saurari tsofaffi, kuma abin da ya rage maka ni na rage shi.

Ba zan iya biyan wannan a takarda ɗaya ba, amma ga abin da ya sawwaƙa. Ka ce "ku" ga duk wanda ya girme ka. Ka cire takalmi, ka zauna ƙasa da inda suke zaune. Kar ka gajarta gaisuwa, ka tambayi gida, da yara, da gajiya, da ruwa, ka yi jaje kafin ka fito da na'ura. In tsohuwa ta yi shiru a tsakiyar labari kar ka cike mata, ba ta gama ba ne. In suka yi dariyar Hausarka ka taya su, ka ce a Riyad ka girma, su gyara maka. Za su so ka a kan haka, don ka ba su abin da su ma za su koya maka. Abin da ba ka gane ba kuma kar ka yi kamar ka gane, ka ajiye shi. Ina nan.

Yanzu amsar. Ba rowa ce ta sa na yi jinkiri ba, kuma ba kunyar a san mun taɓa kwana a aji ba ce. Tarin nan da ka kwana da shi sai da ya kai mu asibiti. A ɗakin yara kowace uwa da irin bargon nan, launi ɗaya, don duk wuri ɗaya aka raba. In an wanke an shanya sai a rikice. Sauran mata suka riƙa ƙulla zare ko tsumma a nasu. Ni na ari allura da jan zare wurin wata mai jinya, na juya wa ƙofa baya, na ɗinka sunanka a kusurwar. Cikakke, da harufan boko, yadda aka koya mana ɗinki a makaranta. Ban san me ya sa ban ƙulla tsumma kamar kowa ba. Ina jin a lokacin ban tabbata za mu fita da kai ba, na so in faɗe shi ko da sau ɗaya, bakina kuma ya ƙi. Tun daga nan nake ninke bargon da kusurwar a ciki. Iya ba ta taɓa gani ba, Abbanku ma haka. Da 'yar Sudan ɗin nan ta ce sai ta warware komai a kan tebur, na san dole za ta ga kusurwar.

Na yi ta juya abin. Sai na ga in na hana, na sake cewa "akwai, alhamdu lillahi" ke nan, alhali ana tambayata abin da nake da shi.

Na ba ku bargon. Hafsa za ta kai wa mai safar hannu da kanta. Kar a wanke shi, kar a gyara inda asu ya ci. Kar a rubuta sunana a ƙasa, kar a sa hotona. A rubuta cewa wata mai agaji ce ta bar shi a kan benci da gangan, don kar wata yarinya ta ji kunya. In da hali a samo benci irin na firamare a ɗora shi a kai. Kusurwar kuma, na yi niyyar in ce a ninke ta ciki. Na fasa. A bar ta a waje.

Muryar kuma zan bayar, amma da sharaɗi. Ba zan yi wa baƙo magana ba, kuma ba zan yi da Larabci ba. Sai ka dawo, kai za ka riƙe na'urar, a nan falo, ranar da Abbanku ya fita da su Hafsa. Wataƙila in juya maka baya ina magana. Ka yi haƙuri da hakan, kuma in na ce "akwai, alhamdu lillahi," ka san abin da za ka yi.

Gobe zan bi ku filin jirgi, amma ka san a mota zan zauna. Kar ka ɗauka wani abu ne. Ka kula da salla a kan hanya, ka sha maganin zazzaɓin sauro yadda likita ya ce, don jikinka bai san na gida ba. Ka adana fasfo da iƙamarka wuri guda. Allah ya sa ka shiga gidajen mutane da alheri ka fito da alheri. Allah ya sa kar wani ya yi nadamar ba ka labarinsa. Allah ya kare ka daga ruwa da hanya da mugun ji, ya dawo mana da kai lafiya, ya yi maka albarka.

Abu na ƙarshe. Na ga hannuna ya fi bakina ƙarfin hali, kuma akwai tatsuniyoyin da na yi wa su Hafsa da kai ba ka samu ba, da tambayoyi kan gidan nan naku da ban gama ba. In ba zan takura maka ba, ka ba ni izini in sake rubuto maka. Ba sai ka amsa da takarda ba. Ka gaya wa Hafsa kawai. In kuma ka ga za ka iya, ka kira wayata, zan ɗauka.

Wassalamu alaikum.

Ni ce,
Umman su Hafsa, kuma taka tun kafin su.